Jirgi Ya Sauka a Lome, Gawa Tana Dapaong

Kun ga Khairiya a tashar motar Sokode ranar nan, da jaririya a baya, kuka kawar da kai. Kun san mai jego ba ta fita. Ba wanda ya tambaye ta abin da ya fito da ita.

Mahaifinta, Alhaji Bukari mahauci, ya rasu da asuba a Dapaong, can ƙarshen arewa. Ita tana aure a unguwar Komah, nan Sokode, ba ta yi arba'in ba, ba halin tafiya. Wanta Fayçal kuwa tun da ya ji jikin tsoho ya yi tsanani ya hau jirgi daga Faris. Yana cikin jirgi, rai ya yi halinsa.

Baffa Karimu, ƙanen mamacin, ya kira ta da hantsi.

"Bayan azahar za mu kai shi."

"Baffa, don Allah ku jira Yaya. Jirgin awa shida ne da 'yan mintuna. Ya ma sauka Lome."

"Ya sauka? To alhamdu lillahi, ai ya zo gida. Mu jira."

Su duka biyu jirgin suka lissafa. Wanda ya ƙetare teku da hamada tsakanin sallah da sallah, me ya rage masa? Ba wanda ya tuna hanyar Lome zuwa Dapaong, da manyan motocin kaya da ke jan ciki a kanta, ta fi ta Faris cin lokaci.

Azahar ta wuce. An yi wa Alhaji wanka, an sa likkafani, mahauta sun rufe rumfuna suna zaune a rana. Baffa ya sake kira.

"Ke 'yar nan, ina mutumin naki? Ko a ƙafa yake tahowa?"

"Sun wuce Atakpame, Baffa."

"Atakpame! Zafin nan ba ya jiran kowa. Liman ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta. La'asar, ba ƙari."

Ta ajiye wayar. Baffa bai yi laifi ba. Liman ma haka.

Shi ya sa ta goya jaririyar ta fito, surukarta na kiranta ba ta waiwaya ba. Ba ta so Fayçal ya ji a waya cewa ba za a jira shi ba. Motar da ya hau daga Lome ta shigo Sokode ana sallame la'asar, rabin hanya ke nan. Fayçal ya sauko da jaka a kafaɗa, yana ce wa direba kada ya daɗe.

"Khairiya? Me ya fito da ke? Sun jira, ko?"

Ta kama hannun rigarsa, ta kasa ɗaga kai.

Ku da kuka wuce su, haka za ku ci gaba da cewa ƙaddara? Nisan nan ba daga sama ya faɗo ba. Ku tara mutanen unguwarku, ku je wurin wakilan da kuka zaɓa, ku nemi jirgin fasinja da zai riƙa tashi daga Lome zuwa arewa. Ku je wannan makon.