Gayyar Ranar Lahadi

Shekara bakwai Malam Zakari yana kai bishara ƙauyen Hamdara, amma yanzu ba ya tsayawa a ƙofar gidan Tanimu. In ya kusa, sai ya karkata jakinsa ta bayan rumbuna, ya gaya wa ransa cewa rana ta yi. Ya san abin da yake gudu. Tanimu ne mutum na farko da ya bi Almasihu ta bakinsa a ƙauyen, kuma shi Zakari ne ya ce masa Kirista ba ya taɓa hauya ranar Lahadi, ko da gayya ce. Tanimu ya ji magana. Gayya uku aka yi bai leƙa ba. Da ya kira tasa, ba wanda ya amsa. Ciyawa ta cinye geronsa, ya sayar da awakinsa ɗaya bayan ɗaya, kafin wata damina ya koma masallaci. Ko sannu Zakari bai je ya yi masa ba.

Wata Asabar da azahar, damina ta yi tsaka, Suma'ila ya shigo gidan mishan na Zinder, ƙafafunsa sun yi jawur da ƙasa. Shi kaɗai ne Kiristan da ya rage a Hamdara, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya durƙusa gaban Baturen mishan, wanda ke wanke wa wani tsoho gyambo, Zakari na riƙe masa ƙwaryar ruwa.

"Maigida, gobe akwai gayya a gonar Tanimu. Kurkunu ya kwantar da shi. In ban je ba, tawa tana tafe, kuma na san abin da zan gani."

Bature ya ɗago kai. Mutum ne mai tausayi, Hausarsa a hankali take fita, kamar mai tsallake ƙaya.

"Su ɗaga ta zuwa Litinin mana."

"Litinin ta kumandan ce, Baturen mulki, Maigida. Daga Litinin har Asabar duk majiya ƙarfi muna aikin hanya, gardi na kanmu da bulala. Daga can nake yanzu. Lahadi kaɗai ake sakinmu, don ran nan Nasara ke hutawa."

Bature ya ci gaba da ɗaure gyambon. Can ya ce, "Umarnin Allah ba ya sakewa saboda ciyawa, Suma'ila. Ka dogara gare shi. Malam Zakari, ƙara masa bayani, ka fi ni harshe."

Zakari ya san bayanin sarai, har inda ake sassauta murya ya sani. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Suma'ila, ka je gayya."

"Malam Zakari, ba abin da na faɗa ke nan ba."

"Na ji abin da ka faɗa, Maigida. A ƙasarku in mutum ya huta ran Lahadi, maƙwabcinsa ma ya huta. A Hamdara in ya huta, shi kaɗai ya huta, kuma 'ya'yansa ne za su kwana da yunwa in bazara ta zo. Na taɓa ba da wannan shawara. Wanda na ba ya fi ni bangaskiya, ya bi ta har ta ƙare shi, ni kuwa na dawo nan na ci tuwona."

"In muka sassauta wannan yau, gobe me za mu sassauta?"

"Ban sani ba. In goben ta zo mu dube ta da ido. Yau gero nake gani."

Da Bature ya ga Zakari yana neman takalmansa sai ya ce, "Kai ma tafiya za ka yi? Wa zai karanta wa jama'a Littafi gobe?"

"Mutum shida ne, Maigida, biyar daga tukunyar gidan nan suke ci. Ba inda za su."

Kunnuwan Bature suka yi ja. "In ka tafi, sai na sake tunani a kan aikinka."

"Ka sake, Maigida," in ji Zakari, ya fita ya kwance jakinsa.

Washegari da sassafe Zakari da Suma'ila suka durƙusa a bakin gonar Tanimu, suka yi gajeriyar addu'a da raɓa a gwiwoyinsu. Kafin su tashi makaɗi ya fara taɓa ganga, maza wajen talatin sun jeru da dogayen hauyoyi. Zakari ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a kan geza, ya ari hauya ya shiga sahu.

"A'a, Malam, ba yau ce Lahadi ba?" wani ya tambaya daga can gefe. "Ko an ba ku hutu daga hutun?"

Aka kwashe da dariya. Zakari bai ɗago ba. "Kama aikinka, ɗan nan. Tun ba a haife ka ba nake noma."

Gaskiya ce, sai dai rabonsa da hauya ya fi shekara ashirin. Kafin hantsi tafin hannunsa ya yi ruwa, an bar shi a baya shi kaɗai. Bai tsaya ba har ya kai ƙarshen gona, inda Tanimu ke zaune a gindin tsamiya, ƙafarsa a miƙe, naɗe da tsumma. Ya rame, gemunsa ya yi fari.

Zakari ya jingina hauya, ya tsuguna a gabansa. Numfashi ya ƙi isarsa, sai da ya jira.

"Tanimu, shawarar da na ba ka ba daidai ba ce. Ka yafe mini."

Tanimu ya dube shi. Ya kori ƙuda daga ƙafarsa, ya dubi Suma'ila can tsakiyar maza ana ta zolayarsa yana ramawa. Sa'an nan ya nuna gonar da haɓa.

"Ka bar ciyawa a sahunka, Malam."

Zakari ya waiwaya ya duba. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki hauyar, ya koma farkon sahun.