Abin Wuyan Pitanga

Kwana uku ɗigon Pitanga bai motsa ba a kan taswirar kwamfutata. Pitanga tafir ce, dabbar nan mai ƙirar alade da girman jaki, hancinta kamar guntun hannun giwa. A gidan namun daji na birni aka haife ta. Wata biyar ke nan da muka sake ta a dajin da muke kula da shi, da abin wuya mai aiko mana saƙon inda take.

Na nuna wa Likita Jurema, mai kula da lafiyar dabbobin.

"Ko ta mutu, ko abin ya tsinke," ta ce. "Kira mini Seu Valdomiro."

Seu Valdomiro tsohon maharbi ne da ya koma gadin daji. Shi ya shige gaba da adda, muka yi tafiyar awa huɗu. A bakin rafi muka same ta kwance cikin taɓo, tana numfashi, ƙudaje sun yanyame mata wuya.

Likita ta harba mata allurar barci, muka matsa. Ashe ƙiba ta yi da cin 'ya'yan itace, abin wuyan ya matse ta har ya ci fata, tsutsa ta shiga ciwon.

"To, masu boko," in ji Seu Valdomiro, "kuna son sanin inda take, ga shi kun sani."

"Riƙe mini kanta, tsoho, ka rage surutu," in ji Likita.

Ta yanke abin wuyan, ta shiga zaro tsutsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce akwai wani abin wuyan da ya fi wannan girma a ofis, sai mu ɗaura mata in ta warke. In babu shi, ranar da ta hau kwalta ko ta shiga cikin dawakan wani ta kwaso cuta, ba za mu sani ba.

"Wuyan nan ba zai sake ɗaukar komai ba," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Muka kewaye wurin da shinge, aka yi sati uku ana wanke ciwon. Da ya warke muka buɗe mata, ta tafi.

Yanzu sai in yi wata ban gan ta ba, sai in ta gifta gaban kyamarorin da muka ɗaure a jikin itatuwa. A watan Agusta Dona Zuleide, mai gona a bakin dajin, ta bugo waya tana faɗa, wai wani abu ya cinye mata ganyen rogo. Seu Valdomiro ya je ya duba sawun, ya ga na tafir ne, ya sha gahawa kofi biyu, ya taya ta kafa dangar waya.