Alkamar da ke Bayan Soja

"To, Malam Lukmanu, ya mutu ko bai mutu ba?"

Da wannan tambayar Jaji ya tarbe ni, ban ko gama cire takalmi ba. Yana kwance a zaurensa, an tokare masa baya da buhun dusa, ciwon ciki ya cinye shi har ya koma kamar sillen kara. Idanun nan dai suna nan, sun kafe ni.

Jaji maƙwabcina ne a Kura, shi ke buɗe wa gonakin layinmu ruwa tun da aka kawo noman rani. Ni kuwa malamin firamare ne, mai Turanci, abin da ban taɓa bari kowa ya manta ba. Wata takwas kafin wannan rana, a 1977, mun kai tumatir Kano, muka rasa motar dawowa, na ja shi sinima don in waye masa kai.

Fim ɗin na wani soja ne da aka saka cikin wata na'ura, tana jefa shi jiya, tana jefa shi gobe, har ya haɗu da kansa na jiya, suka yi dambe a kan gada. Ga jirage marasa fukafuki, ga bindiga mai fitar da haske. Labarin kuma a hargitse, ba a san gaba ba, ba a san baya ba. A ƙarshe aka harbe sojan a wuya, ya faɗi a bakin wata gona, aka kunna fitilu.

Na ce ya mutu. Jaji ya ce bai mutu ba.

"Kai kana sauraron bakinsu, ni ina kallon gonar," in ji shi. "Da aka harbe shi, alkamar da ke bayansa ko gwiwa ba ta kai ba. A farkon fim kuwa, inda yake tafiya da ƙafarsa, ta nuna, saura yanka. Gona ɗaya ce, ga bishiya ɗaya. Wane ne ke mutuwa da shuka ya zo girbi?"

Ni na kai maganar majalisarmu ta gindin durumi, na ƙara mata gishiri. Bilya mai shayi ya laƙaba masa "Baturen alkama", sunan ya bi shi har Bunkure ranar kasuwa. Da ciwo ya kwantar da shi, matarsa Baraka ta same ni a ƙofar gida.

"Malam, abin nan na cin sa fiye da ciwon. Ya ce ba zai so a binne shi da sunan wawa ba. An ce an dawo da fim ɗin. Don Allah ka je ka duba masa gonar."

Na je. Na zauna ban saurari Turanci ko ɗaya ba.

Yanzu ga ni tsugune gabansa. "Bai mutu ba, Jaji. Alkamar tana yadda ka ce. Har da tabo a wuyansa tun farkon fim, daidai inda harsashin ya shiga."

Bai yi murmushi ba. "A gindin durumi ka faɗi waccan. Wannan kuma a zaure za ka ɓoye ta?"

Tun da ba ya iya zuwa, majalisar na kwaso masa bayan la'asar, mutum tara. Na miƙe tsaye kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, na faɗi komai. Bilya ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Baba Jaji, a yafe mana. Malam ne ya ɓatar da mu."

"Ku kuma kun ɓatu da sauri," in ji Jaji.

Aka fashe da dariya. Jaji ya sa aka ɗaga shi zaune, ya kurɓi kunu, abin da ya kwana uku bai yi ba. Sannan ya yanke wa fim ɗin hukunci.

"Wanda ya shirya shi yana da kai. Bai raina mai kallo ba, ya ajiye amsa a fili ya yi shiru. Damben kan gada kuma, ko a Kano ban ga irinsa ba. Amma surutu ya yi yawa. Wani tsoho mai farar riga a ciki, rabin sa'a yana nuna allo, Malam kaɗai ya ji daɗinsa. Matar da ke fim ɗin kuwa ba su ba ta aikin komai ba sai ihu. Da Baraka ce, da tuni ta fasa na'urar da taɓarya kowa ya huta."

Daga bayan labule Baraka ta ce, "Da na fasa."

"Sannan duk tsawon fim ɗin ban ga wanda ya ba gonar nan ruwa ba. Wa ya yi wahalar? Ba su nuna shi ba."

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Allah ya yi masa rasuwa, Baraka na riƙe da hannunsa. Mutane suka cika maƙabarta har daga Madobi.

Ranar sadakar uku na biya ta gindin durumi. Wani direban tarakta, baƙo, yana cewa ai ya ga fim ɗin, sojan ya mutu. Bilya ya ajiye butar shayi, ya jawo benci, ya zaunar da shi. Ya tsuguna, ya ɗauki tsinke, ya fara zana gona a ƙasa.