Goron da Sanda Ya Kai wa Makaɗi

Tsakanin ɗakin Sanda da na Baba Ayanwale katako ne kawai. Ko tari Baba ya yi sai an ji a ɗakin Sanda, balle ya ɗauki ganga.

Sanda mai sayen fatu ne, mutumin Ƙaura. Jirgi ya sauke shi a Agege da matarsa Zuwaira shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, kuma har yanzu Yarabancinsa bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Baba Ayanwale kuwa makaɗi ne na gado, shi ke yi wa makaɗan unguwa gyaran ganguna. Daga hantsi har la'asar yana ɗaura fata, yana ja, yana bugawa ya ji ko ta yi. Da can abin bai dami Sanda ba. Ɗan gidan mahauta ne, da kalangu a kunne ya tashi, kuma a kwata yake wuni.

Sai Zuwaira ta haihu, haihuwar ta zo da wuya. Jaririn ya hana ta runtsawa da dare, ganga ta hana ta da rana. Ƙafafunta suka kumbura, kai ya riƙa sara mata, nono ya ƙi kawowa sosai. Ba ta da uwa ko ƙanwa a garin. Iya Aduke, matar Baba Ayanwale, ita ke ajiye mata garwar ruwan zafi a bakin ƙofa safe da yamma, ta riƙe ta har ta gama wankan jego. Da hannu suke hira.

Inno, tsohuwar da ta yanke cibi, haifaffiyar Legas ce, Yarabanci a bakinta kamar ruwa. Ta duba idon mai jego ta ce wa Sanda, "Ba magani take so ba, barci take so. In ba ta yi barci ba, nonon nan ba zai zo ba o. Bari in yi wa Baba magana."

"Maganar maza ce, Inno."

"To, ɗan Ƙaura. Da wane bakin?"

Ya juya ya ba ta wuri. Ya gaji da dariyar da take yi wa Yarabancinsa.

A garinsu ba a zuwa wa babba da ƙorafi hannu sake. Ya je kasuwa ya zaɓi farin goro manya, aka naɗe masa a ganye. Ya tarar da Baba a ƙofar ɗaki da ganga a hammata. Ya durƙusa.

"Ekaro, Baba."

Ya miƙa goron da hannu biyu. Ya nuna ɗakinsa ya ce, "Omo," ya yi kamar yana jijjiga jariri. Sannan ya nuna gangar. Kafin ya ƙara wani abu, fuskar Baba ta washe. Ya kama hannuwan Sanda ya shiga zuba magana. Sanda bai tsinci komai ba sai sunansa. Duk inda Baba ya numfasa, sai ya ce, "To. To."

Ya koma ya ce wa Zuwaira, "An gama. Mutumin kirki ne."

Washegari kiɗan ya ninka. Makaɗa suka riƙa shigowa gidan, suna haɗa ganguna har yamma. Sanda ya dawo daga kwata ya sami Zuwaira ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, hawaye na bin kuncinta, jaririn yana tsotson abin da babu. Ya zauna ya zuba wa katakon ido. Wato an ci goronsa, ana kuma yi masa dariya.

Ranar suna bai tara mutane ba. Liman ne da 'yan kwata kaɗan a kan tabarma, aka yi addu'a a hankali, don Zuwaira ta ɗan samu barci ya ɗauke ta bayan wanka. Sanda ya ɗauko wuƙarsa ta fiɗa ya nufi ragon suna.

Sai ga su. Baba Ayanwale a gaba cikin babbar riga, makaɗansa a baya, suka ja suka tsaya daidai ƙofar ɗakin, suka saki ganguna gaba ɗaya. Daga ciki Zuwaira ta ƙwalla ƙara. Jaririn ya ɗauka.

Sanda bai san lokacin da ya isa gaban Baba ba. Wuƙar ta ratsa fatar gangar kamar ana yaga tsumma.

Gidan ya yi tsit. Baba ya dubi gangar, ya dubi Sanda, ya yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, ya juya. Makaɗan suka bi shi.

"Me ya ce?" Sanda ya tambayi Inno.

"Ya ce kai ka gayyace shi."

"Ni?"

"Ka kai wa makaɗi goro. Ka nuna masa jariri, ka nuna masa ganga. Ko a Ƙaura, me ake ce wa wannan?" Ta gyara mayafinta. "Ya ce ya gaya maka kyauta zai yi maka, tunda baƙo ne kai, ba ka da dangin da za su cika maka gida. Ka ce to. Gangar nan ta ubansa ce."

Liman ya sa takalmansa ya fita.

Ran nan Zuwaira ta yi barci har bayan azahar, ba abin da ya motsa a bayan katako. Da yamma babu garwa a bakin ƙofa. Da safe ma babu.

"Maigida, Iya ba ta da lafiya ne?" Zuwaira ta tambaya.

Ya gaya mata abin da ya yi.

"Ita ke riƙe ni," ta ce. "Ni kaɗai ba na iya tsayuwa."

Ya kwance damin fatunsa, ya zaro fatar akuya wadda ba ta da tabo ko ɗaya, ya tafi wurin Inno.

"Koya mini abin da zan ce."

"Ba a tsaye ake faɗa ba, kuma ba a durƙushe ba. Rub da ciki ake yi, ƙirji a ƙasa."

"Ban taɓa kwanta wa mutum ba, Inno."

"To, sai ka koyi wankan jego."

Ƙofar Baba a rufe take. Matan gidan suna bakin murhu, duk sun daina abin da suke yi. Sanda ya ajiye fatar a bakin ƙofa. Ya tsaya. Ya ji kukan ɗansa ta cikin katako, muryar har ta dushe. Ya kwanta, haɓarsa a cikin ƙasa mai laima, ya faɗi kalmomin da Inno ta koya masa, ya san ya karkace su.

Ba a amsa ba. Ya sake faɗa.

Can ƙofar ta buɗe kaɗan. Ƙafafun Iya Aduke ya gani. Ta raɓa shi ta wuce, ba ta dube shi ba, ta ɗauki garwa ta nufi murhu. Aka mai da ƙofar aka rufe daga ciki. Fatar tana nan inda ya ajiye ta, ƙudaje sun fara sauka a kai.