Dangar Gidanmu

Filin Baba ya mutu tun ina ƙarama. Ƙasar ta ƙeƙashe kamar daɓe, ruwan sama ya sauka ya wuce ko gaishe ta bai yi ba. Saniya ɗaya ta rage mana, ita ma duk ƙashi.

Da na gama makarantar aikin gona na ce zan tayar da filin. Kawu ya kwashe da dariya.

"Malama, a kan allo za ki shuka ciyawar?"

Na ɗauki diga na haƙa ramuka masu tare ruwa, har tafin hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Na zuba taki, na watsa irin ciyawa, na dasa bagaruwa. Suka kama. Awakin unguwa suka shiga suka share su tas.

Wayar shinge ta fi ƙarfinmu. Ƙaya kuwa, ina za a samo ta inda babu itace?

Wata safiya na tarar da Inna tana tumɓuke dangar gidanmu.

"Inna, kowa zai riƙa ganinmu fa."

"Su gani. Me muke ci da ba sa ci? Kama can, kin tsaya kamar ke aka dasa."

Baba ya saɓa itatuwan a kafaɗa. Muka kewaye inda na sake dashe.

Haka muka zauna a tsirara. Inna, wadda ko maƙwabci bai taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba, ta riƙa girki a idon duniya. In za ta yi wanka, ni ke riƙe mata tabarma. Kawu in zai wuce sai ya ce, "Gidan Malama, ba sai an yi sallama ba." Ni kuma in ɗaga kai in gaishe shi da ƙarfi.

Damina ta zo ta koma, ta sake zuwa. Yau bagaruwa ta wuce bakin akuya, saniyarmu tana kiwo a ƙarƙashinta har haƙarƙarinta ya ɓace.

Tsohuwar dangar gara ta cinye ta. Da rassan da na sassabe daga itatuwana na kafa wa Inna sabuwa. Na zo rufe ɓangaren gabas ta riƙe min hannu.

"Bar nan a buɗe," in ji ta. "Daga nan nake hango filin."