Ƙarƙashin Mahaƙi

Truda ce kaɗai mai wayar tarho a benensu, don haka ita ta kawo wa Alojz saƙon, tana haki saboda matakala. Ƙanensa Gerard ne ya kira. Ya shigo daga Jamus tare da wasu masu ziyara, yini ɗaya kawai zai yi, motarsu za ta tashi daga birnin Katowice da la'asar. Ya ce su haɗu da tsakar rana, ƙarƙashin Mahaƙi, mutum-mutumin nan na mai haƙar kwal.

Truda ta ce wa Alojz in zai je ya aske gemun nan, kada ɗan'uwansa ya zaci yanzu ya fito daga ramin kwal.

Sun fi shekara ashirin ba su yi magana ba. Gerard ya tafi ne lokacin da mahaifiyarsu ke kwance, kuma bai zo jana'iza ba. Alojz ya riƙe abin a ransa har ya gaji da riƙon, sai dai bai san ta inda ake saukewa ba.

Ya aske gemun. Ya saka rigarsa ta zuwa coci, ya sayi kek ɗin cuku, ya hau taragon lantarki zuwa babban lambun gari.

Mahaƙin na nan tsakanin itatuwa, dogon mutum-mutumi na baƙin ƙarfe, fitila a hannu, tattabaru sun ɓata masa hula. Alojz ya zauna a benci yana bin kowane tsoho da kallo. Tsoffin abokan aikinsa na ramin kwal, da ke karta a teburin siminti, suka shiga tsokanarsa, wai wace bazawara ce ta shanya shi haka da kek a cinya. Murmushi kawai ya yi. Yana ta saƙa abin da zai faɗa, har ya tsaya a kan ba zai ambaci mahaifiyarsu ba.

Rana ta karkata. Ɗaya daga cikin masu kartar ya matso ya tambaye shi da gaske wa yake jira. Ya gaya masa.

"Gerard? Ai shi tun kafin a ɗauko Mahaƙin ya bar ƙasar, ko na manta ne?"

Da can mutum-mutumin a mararrabar kasuwa yake, bakin tashar tarago, inda samarin unguwa ke jiran juna. Da aka faɗaɗa titi ne aka kawo shi lambu. An daɗe da yin haka, har Alojz ya manta Mahaƙin ya taɓa tsayawa a wani wurin.

Ya yi sauri ya hau tarago zuwa mararrabar. Layin nan hanya ɗaya ce, dole tarago ya dakata a tsakiya har mai tahowa ya wuce. Ranar mai tahowa ya daɗe. Alojz ya kasa zama, yana tsaye bakin ƙofa.

A mararraba babu komai sai ƙaramin shagon jarida, daidai inda ƙafafun Mahaƙin suke da. Matar shagon ta ce e, wani dattijo ya tsaya nan tun tsakar rana, da kwat mai kyau, bayan hannunsa da shuɗin tabon kwal irin na Alojz. Ya tambaye ta ina Mahaƙi.

"Me kika ce masa?"

"Abin da muke ce wa kowa mana, Baba. Na ce ya yi ritaya, kamar sauran mahaƙa." Ta dubi fuskarsa, dariyarta ta tsaya. "Bai ƙara tambaya ba. Na ɗauka ya gane wasa nake."

Ta ce duk taragon da ya tsaya sai ya leƙa tagoginsa ɗaya bayan ɗaya. Can da ya gaji ya sayi taba, ya ce mata yayansa yake jira, amma ga alama har yanzu fushi yake, kuma yana da gaskiya. Sannan ya hau na Katowice.

Alojz ya tambayi lokaci. Ta faɗa. Motar Jamus ta riga ta kama hanya. Ya tambaya ko ya bar lambar waya, ko sunan garin da yake. Ta girgiza kai.

Ya dafa katakon shagon.

"Ni ba fushi nake ba," ya ce mata a hankali. "A lambu nake."

Matar ta gyaɗa kai. Wani ya zo sayen jarida, Alojz ya matsa gefe ya ba shi wuri.