Muryar Baba Kalibu

Shekara talatin Madam Kubura ta yi tana koyar da yara a lakwal, kuma da ta ajiye alli ba ta ajiye halin ba. Gurup ɗin da ta buɗe a waya ma kamar aji ta riƙe shi. Sunansa "Ruwan Shibka", mutum ɗari da 'yan kai a ciki: mazauna Maraɗi masu gonaki a Tsibiri da bayan Jiratawa, da mutanen da ke kwana kusa da gonakin. Aikinsa ɗaya ne. In an yi ruwa, na ƙauye ya tona ƙasa da hannu ya faɗi inda laima ta tsaya, na birni ya san ko ya ɗauki iri ya fito ko ya yi zamansa.

Tun da sojoji suka karɓi mulki ta ƙara tsuke fuska, don an ce abin da aka faɗa a gurup mai gurup za a tambaya. Wanda ya sako zancen siyasa, waje. Wanda ya turo tallan maganin basir, waje. Har ƙanin mijinta ta fitar don ya yaɓa wa wani baƙar magana. A bayan idonta Kumandan suke ce mata. Ta sani, kuma a gaskiya sunan bai taɓa ɓata mata rai ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ba ta aiki ba, wani dattijo Kirista a Tsibiri, Baba Kalibu. Shekara huɗu, duk safiyar da ta biyo bayan ruwa, muryarsa ce ta fara shigowa. "Salama gare ku, Kalibu na daga Tsibiri. Yatsa ukku, ku dakata." Ko kuma, "Taƙi guda, ku hito." Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Mutane su saurara, su kama gabansu.

Daminar bana ta yi nawa ƙwarai. Hadari ya taso kamar da gaske, iska ta kwashe shi. Hatsi ya yi tsadar da mai iri ke ɓoye shi har wa 'ya'yansa. Sai wata safiyar Alhamis muryar Baba Kalibu ta shigo: "Taƙi da rabi. Ku hito, Allah ya kawo."

Gari ya ɗau harama. Alhaji Sallau, babban ɗan kasuwa, ya tura 'yan ƙwadago da buhu biyu. Madam Kubura ta raba irinta biyu ta aika da rabi. Waɗanda suka ga sungumi na fito da busasshiyar ƙasa suka ce ai Kalibu bai taɓa kuskure ba, suka ci gaba. Ashe laimar ko yatsa huɗu ba ta kai ba. Hatsi ya tsiro, rana ta bi shi ta ƙone.

Gurup ya kama da wuta. Alhaji Sallau kaɗai saƙon murya bakwai ya turo. Madam Kubura, da nata irin na ƙuna a zuciya, ba ta kira tsohon ba, ba ta tambaye shi komai ba. Ta danna sunansa ta fitar da shi, ta rubuta cewa duk wanda ya sake kawo labarin da ba haka ba, hanyar da zai bi ke nan. Aka yi tsit. Ta ji daɗin shirun, ta ɗauka ladabi ne.

Bayan kwana goma aka yi ruwa mai kyau a Tsibiri, ko ɗigo bai taɓa unguwar Zariya ta cikin Maraɗi inda take zaune ba. Ba wanda ya ce uffan. Sai kwana biyu bayan haka ta ji a bakin wani ɗan kabu-kabu mai hayar babur, lokacin laima ta riga ta gudu. Ta kira Sha'ibu, maƙwabcin gonarta, ranta a ɓace.

"Kai kana nan anka yi ruwa, mi ya hana ka hwaɗi?"

"Madam, na tona ko," in ji shi. "Amma in Baba Kalibu ma an hidda shi, ni wane ne? In na ce taƙi, ya zan ba taƙi ba hwa?"

Ta ajiye wayar. Irin da ya rage mata na shuka ɗaya ne, haka ma yawancin mutanen gurup. In ruwa na gaba ya wuce su a cikin wannan shiru, shekarar ta tafi. Duk da haka ba kanta ta zarga ba, tsohon ta zarga. Washegari da hantsi ta hau mota zuwa Tsibiri don ta ji daga bakinsa abin da ya sa ya yi musu haka.

'Yarsa Dorkas ce ta yi mata maraba, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Baba Kalibu na zaune a inuwar ɗakinsa, ƙafafu a miƙe, gwiwoyin sun kumbura sun yi sumul. Ya yi yunƙurin tashi ya kasa, ya yi dariyar kunya.

"Madam da kanki? Sannu da hanya."

Suka gaisa, suka tambayi iyali da zafi. Faɗan da ta shirya tun a mota ta fito da shi a taƙaice. "Baba, ina kat tona ran nan?"

Ya nuna mata da sandarsa, nan bayan ɗakin, taku biyar daga inda yake.

"Tun bara ƙahwahun ga sunka ƙi kai ni gona. Ban hwaɗa ma kowa ba, kar a ce tsoho ya ƙare. Nan nika tonawa, kuma bara duk daidai ya riƙa zuwa. To da rani Dorkas tac cire min bunu tas sa kwano." Ya ɗaga kai ya dubi rufin, sabo fil yana ƙyalli. "Ruwan kwanon ga duka nan shika zuba. Ni ko ban kawo ma raina ba, sai da ɓarna ta ahku."

Dorkas ta sunkuyar da kai, kamar ita ce ta yi laifin da ta rufa wa ubanta ɗaki.

"Kin yi daidai da kinka hidda ni," ya ci gaba, ba ɗaci a muryarsa. "Irin mutane ya ƙone. Abu guda dai yab ban mamaki. Shekara huɗu ina magana cikin abin ga, ban taɓa sanin ana ji na ba. Ce nike ni ɗai nika surutuna. Sai ran da niy yi kuskure nij ji ashe mutum ɗari ka saurare."

Maganar ta daki Madam Kubura inda ba ta zata ba. Ta laluba cikin ranta ko sau ɗaya ta taɓa ce masa sannu, ba ta samu ba. Sunan duk wanda ta kora tana iya kawo shi da ranarsa, amma wanda ya yi daidai ba ta taɓa ɗaga kai ta dube shi ba. Kunya ta rufe ta, da tausayi, har idonta ya cika.

Ta ciro wayar, ta mai da shi cikin gurup a gabansa. Sannan ta danna ta yi magana, abin da ba ta saba ba, don ita rubutu take yi kamar mai ba da sanarwa. Ba ta faɗi zancen gwiwa ba sai da ta dube shi ya gyaɗa kai. Ta faɗi na kwano. Ta ce ta yi gaggawa, kuma ta janye dokar da ta kafa: wanda ya tona ya faɗi abin da ya gani da inda ya tona, in ya kuskure wani ya gyara masa. Daga ƙarshe ta ce, "Baba Kalibu, shekara huɗu muna cin hatsi da hannunka. Ni ban taɓa ce maka na gode ba. Na gode."

Amsar farko daga Alhaji Sallau ta zo. Ya ce godiya ba ta mai do da buhu biyu, ya fice daga gurup da kansa. Ba ta ga laifinsa ba. Har ta fara tunanin ta makara.

Sai ga Sha'ibu. Ya ce shekarar da ya yi aure, da "ku dakata" ɗin Baba ya tsira da irinsa, kuma daga yau shi zai riƙa zuwa gonar tsohon ya tona ya kawo masa ƙasar a hannu ya taɓa. Wata Tsahara daga Jiratawa, wadda ba a taɓa jin muryarta ba, ta ce ita ko a daminar da ba ta yi noma ba takan buɗe saƙonsa, don in ta ji shi ta san gari ya waye lafiya. Wani ya biyo, wani ya biyo. Wasu "mun gode, Baba" kawai suka ce.

Baba Kalibu ya karɓi wayar da hannu biyu ya kara a kunne. Da saƙonnin suka ƙare ya miƙa wa 'yarsa, ya share fuska da gefen rigarsa.

"Dorkas," ya ce, "maido min ta hwarkon, ta Madam. Ban ji ta da kyau ba."

Ya ji ta sarai. Dorkas ta sani, Madam Kubura ta sani. Aka sake sa masa.